Hayaƙi Daga Kujerar Baya

Warin fetur ne ya fara tarbata da safen nan, tun ban buɗe ƙofar farar motar ba. Na zauna, na murɗa makulli, na zuba wa gejin mai ido. Allurar ta taso a hankali, ta zo tsakiya, ta tsaya cak. Ni da kaina na kai motar gidan mai a jajibirin ranar hutunmu ta mako, aka cika ta a gabana, na dawo na ajiye ta a rumfa. Babu inda ta je, amma rabin tanki ya yi ƙafa. Ba yau na fara ganin man motar nan yana ja da baya ba, sai dai a da kaɗan-kaɗan ne, ina cewa ko idona ne.

Makarantar koyon tuƙi ce Baba ya kafa a filin bayan gidanmu tun ban zo duniya ba. Motoci uku gare mu, da rumfar kwano, da ɗan ofis mai taga ɗaya inda nake zama ina tsara wa ɗalibai lokutansu. Ni ce autar gida, don haka kowa Auta yake ce mini, har ɗaliban da na girme su. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, mijin Yayata ne ke riƙe da wurin, muna kiransa Manaja. Mutum ne tsaf-tsaf, rigarsa ba ta san yamutsewa ba, yana da wata baƙar mota zungureriya da yake gogewa da hankici. Ba ka rabuwa da shi bai yi maka wa'azin kiyaye lokaci ba, har agogon hannunsa, wanda Yaya ta saya masa, ya tura shi gaba da minti goma wai don kada ya taɓa makara. Akwai Birki, malamin tuƙin da ke taka wa ɗalibi birki ko kaza ce ta gifta daga nesa. Akwai Kumfa mai wanke mana motoci, wanda bakinsa ba ya hutawa. Sai kuma mai farar motar, Malam Sannu.

Malam Sannu ya girmi makarantar kanta a wajen Baba, domin tare suka kafa rumfar. Sunan ya samo asali ne daga abin da yake ce wa kowane ɗalibi, ko da ɗalibin ya nufi katanga: "Sannu-sannu, saki kuloci sannu-sannu." Shi ya koya wa Yaya tuƙi, shi ya koya mini. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Kafin rana ta ɗaga, maganar ta cika unguwa. Mai shagon da ke kallonmu ya ce shi dama ya daɗe yana jin wari. Ɗalibai suka taru a inuwa suna ƙus-ƙus. Manaja ya zo ya zagaya motar, ya buɗe but, sai ga jarka da guntun tiyo a kwance. Ya ɗaga su sama don kowa ya gani.

"Na ruwan lagireto ne," in ji Malam Sannu.

"Haka ne, Malam," Manaja ya ce yana murmushi. "Kwanan nan ma wata ɗaliba ta kawo ƙara, ta ce kullum kuna yanke mata darasi lokaci bai cika ba. Wanda ke tsakurar minti, ai ba zai ƙyale mai ba."

Aka kai magana gaban Baba a kan kujerarsa ta ƙofar gida. Baba ya saurara, sannan ya ce Malam ya ajiye makulli tukuna har a ga abin da hali zai yi. Malam Sannu ya rataye makullin a ƙusar ofis inda muke rataye su duka, ya koma kan benci ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa. Na san idan ya bar filin nan da sunan ɓarawo, ba zai sake ɗaga kai a unguwar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baba," na ce, "ko da ɓarawo ko babu, motar da ke wari haka ba a sa ɗalibi a cikinta. A kira Mai Hayaƙi."

"Haba Auta," in ji Manaja, "mun ga jarka da idonmu, sai mun wahalar da baiwar Allah?"

Baba ya ɗaga hannu. "A kira ta."

*

Duk direban da ke garin ya san Mai Hayaƙi. Babbar mace ce, ta haura hamsin, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. A garejinta ba a gyaran komai sai ciwon da sauran makanikai suka nema suka rasa. Ana cewa mahaifinta mai bin sawun dabbobin da suka ɓace ne, ita kuma ta ɗauko idonsa ta kawo cikin mota. Dokar Baba ce tun da can: duk motar da wutar gargaɗi ta kama a gabanta, ranar nan za a kai ta wurin Mai Hayaƙi, ba jira.

Ta iso da jakarta da wani akwatin ƙarfe mai tiyo, ta gaida Baba, ta tambayi ƙafa. Ba ta taɓa motar ba tukuna. Zagaya ta ta yi a hankali, tana duba ƙasa, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta shinshina wajen murfin tanki, sannan ta buɗe ƙofar baya ta sake shinshinawa. A nan ta fi daɗewa.

"Auta, zo nan. Kin san tankin mota yana numfashi?"

"A'a, Gwaggo."

"To yana yi. Fetur ba ya zama shiru, tururi yake fitarwa. A motocin nan an toshe tanki ruf, an ja wa tururin hanya zuwa wani gwangwani mai gawayi a ciki. Gawayin ya riƙe shi, in injin ya tashi sai ya zuƙe ya ƙona. A saman tankin kuma akwai wata 'yar sensa, ba ta fi babban yatsana ba, aikinta ta ji ƙarfin iskar da ke ciki. Ko hudar allura aka samu, za ta gaya wa kwamfutar mota, kwamfuta ta kunna miki wuta mai ruwan ɗorawa. Motar da ke lafiya ba ta wari. Wannan kuwa tana wari, amma ba wuta. Shi ne abin da ya ba ni mamaki."

Manaja ya miƙo mata jarkar da tiyon. Ta buɗe jarkar ta kai hanci, ta zuba kaɗan a tafin hannu. Ruwa ne, har da gansakuka. Ta karɓi tiyon, ta kwance murfin tanki, ta zura. Bai yi nisa ba ya tokare. Ta miƙa wa Birki.

"Kai mai ƙarfi ne, tura mu gani."

Birki ya tura har jijiyar wuyansa ta tashi. Tiyon ya lanƙwashe ya dawo.

"Akwai ɗan bawul a maƙogwaron tankin," ta ce. "Mai yana shiga, tiyo ba ya shiga. Ta nan dai ba a sha ko cokali ba."

Na saki ajiyar zuciya, na waiwayi Malam Sannu. Ko motsi bai yi ba.

*

Ta ɗauki kujerata ta ajiye a bakin ofis, ta ce a turo mata mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ta bar ni a gefe, wai ina riƙe mata jaka.

Kumfa ne ya fara zuwa, tun daga nesa yana rantsuwa. "Wallahi Hajiya ni ruwa da sabulu na sani. Amma tun da kin tambaya," alhali ba ta tambaya ba, "murfin tankin nan robarsa ta tsage, na daɗe da gani. Kuma akwai ɓeraye a rumfar nan, ƙatti. Kwanaki sun cinye wayoyin cikin motar Birki."

"Ɓeran da ke shan rabin tanki, ai gara mu bar masa filin," ta ce. "Cikin motar fa, kana wankewa?"

"Ciki Malam ke sharewa da kansa, ba ya bari."

Ta sa aka kawo murfin. Robar ta ɗan tsufa, ta juya ta a rana, ta shafa da yatsa, ta ce tsagar ba ta ratsa ba. Duk da haka ta ɗaura wani sabo daga jakarta, don kada ya ruɗe ta.

Birki ya zo yana muzurai. Ya ce shi ranar hutu yana gidan surukansa, da shaidu. Ya rage murya ya ƙara da cewa mai shagon can yana da janareto, kuma bai taɓa ganin ya je sayen mai ba. Mai Hayaƙi ta aike ni in leƙa. Na dawo na ce mata janareton na gas ne, ga kuma gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Sai Malam Sannu. Ta tashi tsaye da ya iso, ta ba shi kujerar.

"Malam, motarku tana yi muku wani abu da ba ta saba ba?"

"Wutar nan takan kama," ya ce, "wajen ƙarshen mako. Na gaya wa Manaja, ya ce zai duba. In na dawo bayan hutu sai in tarar ta mutu. Na ce to, ko man ne ba shi da kyau."

"Sai me kuma?"

"Ba wani abu ba ne. Rediyona ne. Tashoshina biyu da na ajiye, ta labarai da ta karatu, sai in zo in ga sun goge. In sake nemo su, bayan hutu su sake ɓacewa. Tsufa ne, ni da ita."

"Kuna da agogo, Malam?"

Ya nuna mata hannayensa, babu komai. "Wayata tana aljihu, kuma ba na taɓa waya ina kan aiki. Na mota nake dubawa."

Da aka tambayi Manaja, ya gyara wuyan riga ya ce e, Malam ya taɓa yi masa maganar wuta, ya leƙa bai ga komai ba. Ya ce makullai a ƙusa suke, kowa na iya ɗauka. Kuma gaskiyarsa ce, kowa na iya ɗauka.

*

Ta jona 'yar kwamfutarta a ƙarƙashin sitiyari, ta sa tabarau, ta yi ta latsawa. Sai ta yi wata 'yar dariya.

"Motar nan an shafe mata tunani. Ba ta tuna ciwo, ba ta tuna lafiya. Gwajin da take yi wa tankinta ma ba ta kai ga sake yi ba."

Ta buɗe bonet, ta kama kan batir ta girgiza. Ya motsa. Notin yana ƙyalli, bakin sifana ya ci gefensa sabo-sabo.

"Wani yana cire kan batir," ta ce mini a hankali. "In aka cire, wuta ta mutu, sai bayan kwanaki sensa ta sake kai ƙara. Ba a warkar da komai ba, bakin mai ƙara aka toshe."

Sannan ta jawo akwatin ƙarfen, wanda ya ba ta sunanta. Ta toshe hanyar da gwangwanin gawayi ke shan iska, ta jona tiyon akwatin a layin tururi, ta kunna. Akwatin yana hura farin hayaƙi mara zafi cikin tanki, duk inda iska ke fita, nan hayaƙin zai bi. Muka yi cirko-cirko. Ta haska tocila a murfin tanki, babu. Ta kwanta a kan kwali ta bi kowane tiyo da hasken, tun daga gwangwanin har gaba, tana tafiya da gwiwar hannu. Ba ta gaggawa, ba ta kuma tsallake ko taƙi ɗaya. Na tsaya ina kallonta, ina jin da ma ni ce.

Kumfa ne ya yi ihu. "Ga shi can a ciki!"

Wani siririn hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya, yana lanƙwasa yana hawa gilashi. Mai Hayaƙi ta tashi ta kakkaɓe jikinta, ta sa hannu biyu ta finciko kujerar. A ƙasa akwai wani faifan ƙarfe, notinansa duk sun sha taɓi. Ta kwance. Ga kan famfon mai, ga 'yar sensar a gefensa, baƙa, wuyanta ya tsage, hayaƙi na tsartuwa ta tsagar.

"Ga ƙofar ɓarawonku," ta ce. "Ya cire layin mai daga kan famfo, ya jona nasa tiyon, ya murɗa makulli, motar da kanta ta yi ta ɗura masa. Wajen fizgar layin ne hannunsa ya danne wannan baiwar Allah ta tsage. Tun ranar take kai ƙararsa."

Birki ya yi tsaki. "Wannan ai sai wanda ya san cikin mota."

"Malam ya yi aikin gareji kafin ya zo nan," in ji Manaja, kamar abin yana yi masa ciwo. "Kuma kun ji da kunnenku, ba ya barin kowa ya share cikin motar."

Ni na kawo matar nan don ta wanke Malam, ga shi hayaƙinta ya ƙara shafa masa baƙi. Ɗalibai suka fara kallonsa ta gefen ido. Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo," na ce, "ba shi ba ne."

"Ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne. Sawu bai ƙare ba, Auta. Samo mini ruwa in sha."

*

Da na dawo da ruwan, na same ta zaune a kujerar direba, makulli a kunne, injin a kashe. Ba ta taɓa komai. Kallon gaban motar kawai take yi. Ta kunna rediyo, ta latsa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, duk shuuu suke yi. Ta kashe. Ta ciro wayarta ta duba, ta mayar. Ta fita ta leƙa motar Birki, ta leƙa ta ukun, ta dawo.

"Ɗalibar da ta kawo ƙara tana nan?"

Tana nan. Malamar makaranta ce, ta faɗi jarrabawar tuƙi har ta fara jin kunya, shi ya sa take ƙirga kowane minti na darasinta. Ta zo tana kame-kame.

"Ni fa ban ce ya yi sata ba. Cewa na yi yana sauke ni lokaci bai yi ba. In na nuna masa wayata sai ya nuna mini agogon mota, ya ce ofis ne ke jinkirin turo ni."

"Tun yaushe?"

"Bai fi wata guda ba. Da ba haka yake ba."

Mai Hayaƙi ta shanye ruwanta, ta miƙo mini kofin. "Je ki ce wa Babanki a taru. Har Yayarki."

*

Aka ɗauko kujerar Baba aka kawo rumfa. Yaya ta fito daga cikin gida tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya bayan Baba. Birki da Kumfa suka jingina da mota. Manaja ya tsaya a tsakiya, hannu a aljihu. Malam Sannu yana kan bencinsa, sai da Baba ya kira shi sau biyu ya matso.

"Baban Auta," in ji Mai Hayaƙi, "ni ba alƙali ba ce, abin da mota ta nuna mini zan faɗa. Wanda ya sha man nan ya san dokarku, ya san in wuta ta kwana a kunne za a kawo mini motar. Don haka duk hutu yake cire batir. To amma batir in ya fita, ba wuta kaɗai yake ɗauka ba. Yana tafiya da tashoshin rediyo, yana tafiya da agogo. Tashoshin bai san su ba, ya bar su a goge. Da mai motar ne, da ya mayar da abinsa, ba zai zauna yana kuka da tsufa ba. Agogo kuwa, in aka bar shi yana ƙyafta sifili, kowa zai gane an taɓa batir. Mutumin nan ba ya son barin abu a karkace. Sai ya gyara shi."

Ta juya ta dube mu. "Ƙarfe nawa yanzu?"

Na duba wayata. "Sha biyu saura kwata."

Birki ya duba tasa, ya ce haka ne. Malama ma ta ce haka.

"Manaja fa?"

Na ga hannunsa na hagu ya fara tasowa, yadda ya saba yi sau ɗari a rana. Sai ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi aljihu, ya ciro waya da na dama.

"Saura kwata," ya ce.

Mai Hayaƙi ta zura hannu ta taga ta murɗa makulli. Agogon farar motar ya haska: sha biyu saura minti biyar.

Kowa a wurin ya san agogo ɗaya tak da ke gaba da duniya da minti goma, amma babu mai iya faɗa a gaban Baba, a gaban Yaya. Ita ma Mai Hayaƙi ta naɗe hannu, ta kai sawun har bakin ƙofa ta tsaya.

Yaya ce ta yi magana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Duba na hannunka."

"Ke kuma mene ne naki a ciki?"

"Ni na saya maka shi. Duba, ka gaya wa Baba ƙarfe nawa."

Bai duba ba. Ya fara cewa aro ya yi, baƙar motar ce ke shan mai fiye da ƙarfinsa, da niyyar mayarwa yake. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Man ba shi ne ya dame ni ba," in ji Baba. "Ka tsaya a filin nan ka ɗaga jarkar bawan Allah sama, kana murmushi. Ajiye makullan ofis, ka shiga gida. Za mu yi magana, ba a nan ba."

Ya ajiye su a kan bonet ya wuce. Yaya ba ta bi shi da kallo ba. Hawaye na zuba a fuskarta, ta zagayo ta durƙusa a gaban Malam Sannu.

"Malam, ku yafe mana."

"Tashi, tashi," ya ce, duk ya rikice. "Ke da kika iya ribas tun ranar farko, me kika yi mini? Tashi, 'yata."

Baba ya sa aka miƙo masa sandarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya ƙi a riƙe shi, ya taka har ofis, ya zaro makullin farar motar na biyu, wanda Malam ya rataye, daga ƙusa, ya dawo ya sa a tafin Malam da hannunsa.

"Na ji kunya, Malam. Tare muka kafa rumfar nan, bai kamata in jira hayaƙi ya gaya mini ko wane ne kai ba."

"Ya wuce, Maigida. Zauna, ƙafar nan."

*

Mai Hayaƙi ta aika garejinta aka kawo sabuwar sensa. Ta ɗaura, ta sake hura hayaƙi, ta bi ko'ina da tocila kamar ɗazu, ba ta rage komai ba don an riga an kama ɓarawo. Ko ɗigo bai fita ba. Ta ɗaure kan batir tam, ta mayar da kujera, ta jawo bel ɗin baya ta jera su.

Na raka ta da jakarta har bakin titi. Na ce, "Gwaggo, tun yaushe kika gane?"

"Tun da dattijon ya ce rediyonsa na mantuwa na san ba shi ba ne. Wane ne, shi ne ban sani ba sai da na zauna na yi shiru." Ta karɓi jakar. "Ki riƙa leƙa Yayarki kwanakin nan. Abin da ta yi ɗazu ya fi nawa wuya."

Da na dawo, Malam Sannu yana zaune a farar motar, ya sa tabaransa, yana laluben maɓallan agogo. Ya riga ya nemo tashar labaransa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Auta, gaya mini lokaci na gaskiya."

Na gaya masa. Ya saita, ya sake tambaya, ya tabbatar. Sai ya leƙo ta taga ya hango Malama tana shirin tafiya.

"Malama! Zo, shigo."

"Malam, ai yau ba ni da darasi."

"Kina da shi. Wata guda ina sauke ki da saura, kina gaya mini ina musu. Ke ce da gaskiya." Ya koma kujerar gefe, ya buɗe mata ta direba. "Auta, duba mini duk wanda na koya wa a watan nan, ki kira su. Kowa zai karɓi mintocinsa."

Malama ta zauna, ta ja bel, ta kama sitiyari. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake tayarwa.

"Sannu-sannu," na ji yana cewa, suna fita daga rumfar. "Saki kuloci sannu-sannu. Yau ba mai sauke ki."